Gani Ya Kori Ji? Tarihin Yadda Likitoci Suka Leƙa Cikin Gwiwa

Gabatarwa

Masu iya magana sun ce gani ya kori ji. Manufar wannan maƙala ita ce a auna wannan karin magana a kan wata gaɓa guda ta jikin ɗan Adam, watau gwiwa. Za mu bi tarihin yadda likitoci suka yi ta fafitikar gano abin da ya lalace a cikin gwiwar da ta yi mummunan targaɗe, tun daga zamanin da ba su da kayan aiki sai tafin hannu da kunne, har ya zuwa zamanin na'urar hoton maganaɗisu wadda ake kira MRI. Mai karatu ya lura da cewa kalmar "ji" a Hausa tana ɗauke da ma'ana biyu, ji da kunne da kuma ji da hannu, kuma duka biyun suna da muhimmanci a wannan labari.

Yadda aka gina gwiwa

Gwiwa mahaɗa ce ta ƙasusuwa uku: ƙashin cinya daga sama, ƙashin ƙwauri daga ƙasa, sa'an nan ƙoƙon gwiwa a gaba. Ƙarshen ƙashin cinya mulmulalle ne, alhali kuwa saman ƙashin ƙwauri kusan a shimfiɗe yake. Wanda duk ya taɓa ganin an ɗora tulu a kai ya san ba ya zama sai da gammo. To, haka ma a gwiwa akwai gammo biyu na guringuntsi, ɗaya ta ciki ɗaya ta waje, kowanne da siffar jinjirin wata, mai kauri daga baki, siriri daga ciki. Likitoci suna kiransa meniskus, kalmar Girkanci mai nufin ɗan ƙaramin wata. Mu dai a nan gammon gwiwa za mu kira shi.

Bayan gammo kuma akwai manyan jijiyoyi huɗu. Waɗannan ba hanyoyin jini ba ne, igiyoyi ne masu tauri da ke ɗaure ƙashi da ƙashi. Biyu suna gefe da gefe, biyu kuma suna can tsakiyar gaɓar sun gicciya juna. Ta gaban tana hana ƙashin ƙwauri zamewa gaba, ta bayan tana hana shi zamewa baya. Idan ɗan ƙwallo ya dasa ƙafarsa a ƙasa ya juya jiki da ƙarfi, ya ji ƙara ɓas, gwiwa ta kumbura cikin 'yan sa'o'i, galibi jijiyar gicciye ta gaba ce ta tsinke. Idan kuwa gwiwa tana maƙalewa ta ƙi miƙewa, sau da yawa gammo ne ya yage, ɓangarensa ya shiga tsakanin ƙasusuwa. Matsalar likitan dā ita ce duk waɗannan abubuwa a rufe suke, ido ba ya kaiwa gare su.

Zamanin hannu da kunne

Tun a ƙarni na 2 na Miladiyya, Galen, Bagirken likitan nan da ya yi aikin jinyar 'yan gwagwarmayar filin kallo a birnin Pergamon, ya bayyana jijiyoyin gicciye a matsayin abin da ke riƙe gaɓa. Amma sanin jikin gawa daban, gane ciwon mai rai daban. A 1803 wani likitan fiɗa na birnin Leeds a Ingila, William Hey, ya rubuta labarin mutanen da gwiwarsu ke maƙalewa ba tare da karaya ko gocewar ƙashi ba. Ya yi zargin gammo ne ke jawo haka, ya kuma riƙa warware gwiwar da hannu ta hanyar lanƙwasa ta da sauri. Sunan da ya ba ciwon bai wuce "rikicewar cikin gwiwa" ba, kuma likitoci sun fi shekara 150 suna fakewa da wannan suna, domin yana rufa asirin wanda bai san takamaiman abin da ya lalace ba.

A 1836 wasu 'yan'uwa biyu Jamusawa, Wilhelm da Eduard Weber, sun yanke jijiyar gicciye ta gaba a jikin gawa, suka ga ƙashin ƙwauri yana zamewa gaba fiye da ƙima. Daga nan aka sami tushen gwajin da likita ke yi har yau: ya kama ƙwauri ya jawo shi, ya ji ko akwai igiyar da ta tsayar da shi. Wani Bagirke mai suna Georgios Noulis ya bayyana hanya mafi kyau ta yin wannan gwaji a kundin digirinsa a Paris a 1875, watau a yi shi gwiwa tana ɗan lanƙwashe kaɗan. Aka manta da shi har shekara 101, sai a 1976 Joseph Torg na Philadelphia ya sake bayyana gwajin, ya sa masa sunan malaminsa John Lachman. Shi kuwa gammo, Thomas McMurray na Liverpool ne ya shahara da gwajinsa: a lanƙwashe gwiwa sosai, a murɗa ƙwauri, a miƙe ƙafa a hankali, yatsun likita suna kan bakin gaɓar suna jiran ɗan ƙas.

Buɗe gwiwa kuwa a dā kasada ce babba, domin in ruɓa ta shiga gaɓa, ko dai a yanke ƙafa ko a rasa rai. Sai bayan da aka sami maganin sa barci a 1846, kuma Joseph Lister ya fito da hanyar kashe ƙwayoyin cuta a wurin fiɗa a 1867, sa'an nan likitoci suka sami ƙarfin hali. A 1883 Thomas Annandale, wanda ya gaji kujerar Lister a Edinbara, ya buɗe gwiwar wani mahaƙin ma'adinai, ya tarar da gammo ya goce, ya mayar da shi ya ɗinke. Mutumin ya warke ya koma bakin aikinsa. Abin lura a nan shi ne, aikin farko da ya yi suna a kan gammon gwiwa gyara ne, ba cirewa ba.

Hoton ƙashi da zamanin cire gammo

A watan Nuwamba na 1895 Wilhelm Röntgen ya gano hasken eksire a Würzburg ta ƙasar Jamus, kuma kafin shekara ta zagayo asibitoci sun fara ɗaukar hoton ƙashi. Ga mai karaya wannan babbar nasara ce. Ga mai targaɗen gwiwa kuwa amfaninsa kaɗan ne, saboda hasken yana ratsa gammo da jijiya ya wuce kamar ba su nan. A hoto sai a ga fili kawai tsakanin ƙashi da ƙashi. Mutum yana ɗingishi, gwiwarsa tana sulluɓewa, amma hoto ya ce lafiya lau.

Likitoci suka nemi dabara. Tun farkon ƙarni na 20 aka fara hura iska cikin gaɓa kafin a ɗauki hoto, daga baya aka koma ɗura wani ruwa mai tare haske, domin ya bi tsagar gammo ya fito da ita. Knut Lindblom na ƙasar Suwidin ya kyautata wannan hanya a 1948. Tana da amfani gwargwado, sai dai akwai allura da zafi, ga wuyar karantawa, kuma ba ta nuna jijiyoyin gicciye sosai.

A wannan zamani ne aka tafka babban kuskure. A 1897 wani likitan fiɗa na Landan, John Bland-Sutton, ya bayyana gammon gwiwa a matsayin ragowar tsoka marar aiki. Wannan ra'ayi ya sami karɓuwa, sai cire gammo ɗungurungum ya zama aikin yau da kullum, musamman ga masu haƙar kwal, waɗanda ke wuni a tsugune cikin rami, da kuma 'yan ƙwallo. Tun da babu hanyar tabbatarwa kafin a yanka, an cire gammo masu yawa bisa zato kawai, wasu ma lafiyarsu ƙalau. Mai ciwo yakan sami sauƙi ya koma aiki, likita ya ɗauka an gama.

A 1948 T. J. Fairbank ya koma ya duba hotunan ƙashi na mutane fiye da 100 da aka cire wa gammo, wasu bayan 'yan watanni, wasu bayan shekaru da dama. Ya ga filin da ke tsakanin ƙasusuwa ya tsuke, ƙarshen ƙashin cinya ya baje, ƙashi ya fara tsiro a baki. Watau gammo shi ke rarraba nauyin jiki, in an cire shi ƙasusuwa sai su ci juna, amosanin gaɓɓai ya biyo baya. Duk da wannan gargaɗi, an ƙara kusan shekara 30 kafin a daina cire gammo gaba ɗaya a matsayin al'ada. A 1982 Arnoczky da Warren na New York suka nuna cewa bakin gammo na waje ne kawai jini ke kaiwa, abin da bai wuce kashi ɗaya cikin uku na faɗinsa ba. Ma'anar wannan ita ce yagewar da ke baki tana iya warkewa in an ɗinke, ta ciki kuwa da ƙyar. Daga nan tambayar likita ta sake: a ina ya yage, kuma yaya siffar yagewar take? Hannu kaɗai ba ya iya amsa wannan.

Leƙe ta bututu

Hanya ta biyu ita ce a huda ƙaramar kafa a zura bututu mai madubi da fitila. Kenji Takagi na Jami'ar Tokiyo ya gwada haka a gwiwar gawa a 1918, da bututun da ake leƙa mafitsara. Abin da ya dame shi shi ne tarin fuka na gaɓa, wanda ke sandarar da gwiwa, alhali zaman Japanawa a ƙasa na durƙuso ne. Eugen Bircher na ƙasar Suwizalan ya buga sakamakon leƙa gwiwar masu rai a 1921. Amma bututun zamanin suna da kauri, haskensu kuma ba shi da ƙarfi, sai abin ya kwanta. Almajirin Takagi, Masaki Watanabe, shi ne ya ƙera bututun da ya yi aiki sosai a ƙarshen shekarun 1950, kuma a 1962 ya yanke yagaggen ɓangaren gammo ta cikin bututu ba tare da buɗe gwiwa ba. Robert Jackson na Toronto ya je Tokiyo a 1964 ya koyo, ya kai fasahar Kanada da Amurka. Zuwa shekarun 1970 ido ya shiga gwiwa. Sai dai fa leƙe ta bututu fiɗa ce, da kashe jiki ko sa barci da hadarin ruɓa, kuma ba daidai ba ne a huda kowace gwiwa don kawai a ga abin da ke ciki.

Daga ɗakin gwaji zuwa asibiti

Mafita ta fito daga wurin waɗanda ba ruwansu da gwiwa. A 1938 Isidor Rabi na Jami'ar Columbia ya nuna cewa cibiyar ƙwayar zarra, in an sa ta cikin maganaɗisu, tana amsa igiyar rediyo ta wani zango na musamman. A 1946 Felix Bloch na Stanford da Edward Purcell na Harvard, kowa da nasa aikin, suka nuna haka a ruwa da daskararren abu, aka ba su kyautar Nobel a 1952. Shekara 25 masana harhaɗa sinadarai ne ke amfani da wannan ilmi wajen gane ginin sinadarai.

Ga yadda abin yake a taƙaice. Fiye da rabin jikin mutum ruwa ne, kuma a cikin ruwa akwai haidirojin, wanda cibiyarsa ke aiki kamar ƙaramar allurar kamfas. In mutum ya shiga maganaɗisu mai ƙarfi, alluran nan sai su karkata su bi layinsa. Sai a aika musu da igiyar rediyo ta ture su. Da an kashe ta, sai su koma yadda suke, suna fitar da wata 'yar amsa wadda eriya ke kamawa. Saurin komawar ya bambanta tsakanin ruwa da kitse da tsoka da jijiya, kuma wannan bambanci shi ne ke zama fari da baƙi a hoto.

A 1971 Raymond Damadian, likita a Brooklyn ta New York, ya nuna cewa amsar da ƙarin ciwon daji ke bayarwa a jikin ɓeraye ta bambanta da ta lafiyayyen nama. Saura a san daga wane wuri kowace amsa ta fito. Paul Lauterbur na Stony Brook ya warware wannan: a sa ƙarfin maganaɗisun ya fi yawa a gefe guda, yana raguwa a hankali zuwa ɗaya gefen, ta yadda kowane wuri zai yi amsa a nasa zangon, kamar yadda kowace tashar rediyo take da mitarta. Mujallar Nature ta fara ƙin karɓar takardarsa, daga baya ta buga ta a 1973, ɗauke da hoton wasu ƙananan bututu biyu na ruwa. Peter Mansfield na Nottingham ya fito da lissafin da ya sa ɗaukar hoton ya yi sauri. Ranar 3 ga Yuli, 1977, Damadian da mataimakansa suka ɗauki hoton ƙirjin mutum, aikin da ya ci kusan sa'a 5. A watan Agusta na 1980 ƙungiyar John Mallard a Aberdeen ta ƙasar Sukotlan ta ɗauki hoton marar lafiya wanda ya amfani likitoci. A farkon shekarun 1980 aka cire kalmar "nukiliya" daga sunan na'urar saboda tsoron da take jefa wa jama'a, ko da yake babu haske mai cutarwa irin na eksire a cikinta. A 2003 aka ba Lauterbur da Mansfield kyautar Nobel. Damadian, da aka tsallake, ya sayi shafuka sukutum a manyan jaridun Amurka yana ƙorafi.

Gwiwa a cikin maganaɗisu

Ƙwaƙwalwa da laka aka fara sa wa ido, amma ba a jima ba aka juyo kan gwiwa. Likitocin Nottingham sun buga hotunan gwiwa a 1983. Hotunan farko dishi-dishi ne, sai da aka ƙera ƙaramar eriya mai rungumar gwiwar kanta sa'an nan abubuwa suka fito sarai. Tsakanin 1985 da 1987 likitocin Los Angeles, irin su Reicher da Crues da Mink da Stoller, suka kwatanta abin da hoto ya nuna da abin da aka tarar a wurin fiɗa, suka kafa ƙa'idojin karatu da ake bi har yau.

Na'urar tana yanka gwiwa a hoto fala-fala, kowane yanki kaurinsa milimita 3 zuwa 4, daga gefe da gaba da sama. Ƙarfin maganaɗisun da aka fi amfani da shi tesla 1.5 ne, watau kimanin ninki 30,000 na maganaɗisun duniya, akwai kuma mai tesla 3. Lafiyayyen gammo baƙi ƙirin yake fitowa, a yankin gefe kamar kusurwa uku guda biyu suna fuskantar juna. Ruwan gaɓa kuwa a wasu hotunan fari tas yake fitowa. An kasa farin da ake gani cikin gammo mataki uku: ɗigo, da layin da bai kai fuska ba, da layin da ya huda har fuskar gammon. Na ukun kaɗai ake kira yagewa, na farko da na biyu alamun gajiya ne. Lafiyayyar jijiyar gicciye kuma kamar miƙaƙƙiyar baƙar igiya take, in ta tsinke sai a ga ta kumbura ta yi fari, ko ta kwanta, ko ta ɓace.

Daɗin daɗawa, na'urar ta nuna abin da bututu ma ba ya gani. A ƙarshen shekarun 1980 aka gane cewa in jijiyar gicciye ta gaba ta tsinke, ƙasusuwan biyu sukan yi karo ta ɓangaren waje, su bar ƙujewa a cikin ƙashi, wadda hoton eksire ba ya nunawa. Ganin wannan tabo kaɗai yana isa ya sa likita ya yi zargin jijiyar. Bincike da dama sun nuna hoton yana gano kimanin 9 cikin 10 na tsinkewar jijiyar gaba da yagewar gammon ciki, da kimanin 8 cikin 10 na yagewar gammon waje. Cikin 'yan shekaru ɗura ruwa a gwiwa don hoto ya kusa ɓacewa, huda gwiwa don kallo kawai shi ma ya ragu ƙwarai.

Abin da hoto bai faɗa ba

A nan ne tarihi ya so ya maimaita kansa. Da hoto ya yawaita, sai aka riƙa ganin yagewa a gwiwoyin manya masu ciwo, aka ɗauka ita ce sanadin ciwon, aka yi ta yanke ta ta bututu. A 2008 Martin Englund da abokan aikinsa suka ɗauki hoton gwiwar mutum 991 a garin Framingham na Amurka, masu shekara 50 zuwa 90, waɗanda aka zaɓo ba don suna ciwo ba. Suka tarar da lalacewar gammo a kashi 19 cikin 100 na mata masu shekara 50 zuwa 59, har zuwa kashi 56 cikin 100 na maza masu shekara 70 zuwa 90. Abin mamaki, kashi 61 cikin 100 na masu yagewar ba su ji wani ciwo ba a watan da ya gabata. Ashe a gwiwar dattijo yagewar gammo sau da yawa kamar furfura take.

A 2013 likitocin ƙasar Finlan suka buga gwajin da suka yi da mutum 146 masu irin wannan yagewa ta gajiya. Duka an shigar da su ɗakin fiɗa an zura musu bututu, amma wasu kaɗai aka yanke wa gammo, sauran an yi kamar an yi ne, kuma ba wanda ya san rukuninsa. Bayan shekara guda ba a sami wani bambanci na a zo a gani ba tsakanin rukunan biyu. Ko a kan jijiya ma, wani gwaji na ƙasar Suwidin da aka buga a 2010, na matasa 121 da jijiyar gicciyensu ta gaba ta tsinke, ya nuna cewa waɗanda aka fara da horar da tsoka, aka jinkirta fiɗa sai in ta zama dole, ba su kasa waɗanda aka yi wa fiɗa da wuri ba bayan shekara 2, kuma fiye da rabinsu ba a yi musu fiɗar ba a wannan tsakani.

Wannan ba ya rage darajar na'urar. Saurayin da ya faɗi a filin wasa, gwiwarsa ta maƙale saboda gammo ya yage ya juye kamar mariƙin bokiti, hoton ne zai nuna wa likita a gaggauta ɗinke shi tun bai lalace ba. Haka ma wanda jijiyoyi biyu ko uku suka tsinke masa a hatsarin babur. Irin wannan rauni ba karaya ba ne, saboda haka ɗori da matsa ba sa kaiwa gare shi, hoton ƙashi kuma zai ce ba kome.

Kammalawa

Mun ga cewa sau biyu a wannan tarihi aka yi asarar gammon gwiwa da yawa. Na farko saboda likita ba ya gani, ya yanka bisa zato. Na biyu saboda yana gani sosai, ya ɗauka duk abin da ya gani shi ne ciwon. Shi ya sa a yau ake koya wa ɗalibin likita ya fara tambayar mai ciwo yadda ya faɗi, ko ya ji ƙara, da yaushe kumburi ya zo, sa'an nan ya sa hannu ya yi gwajin Lachman da na McMurray, kafin ya nemi hoto don ya tabbatar ko ya rushe abin da yake zato. Mu ma da za mu iya samun kanmu ko iyayenmu riƙe da takardar sakamakon MRI, tambayar da ta kamata mu yi wa likita ita ce: wannan yagewa da hoto ya nuna, ita ce ke sa ciwon, kuma me zai faru in ba a yanka ba? A sha'anin gwiwa dai, gani bai kori ji ba.